Bayan An Watse Daga Bikin Buɗewa, Wa Zai Ba Ciyawa Ruwa?



Duk lokacin da wata gwamnati ta ce za ta gina katafaren filin wasa, hoto ake fara nuna mana. Hoton kwamfuta ne: rufi yana sheƙi, ciyawa shar kamar an shimfiɗa darduma, motoci a jere a waje, ga waɗansu mutane da ko kama da mu ba su yi ba suna yawo a farfajiya. Kafin awa ɗaya ya karaɗe Facebook da WhatsApp. Magoya bayan gwamna su ce aiki sai mai shi, 'yan adawa su ce me ya hana a gina asibiti, a yi kwana biyu ana musayar baƙaƙen maganganu, daga nan sai wata sabuwar magana ta taso a manta da wannan. Mu ma mun sha tsoma baki a irin wannan gardama, kuma in za mu faɗi gaskiya, ba mu taɓa fitowa daga cikinta da wani abin da ba mu shiga da shi ba.

Abin da muka lura shi ne, duka ɓangarorin biyu a ranar buɗewa suke tsayawa. Mai yabo ranar buɗewa yake hange, mai suka kuɗin da za a kashe kafin ranar buɗewa yake ƙirgawa. Washegarin ranar, da shekara talatin da za su biyo bayanta, babu mai tambaya. Mu kuwa a ganinmu a nan dukiyar jama'a take salwanta. Gwamnatocinmu sun iya gina filin wasa, riƙe shi ne ba su taɓa shiryawa ba, kuma duk gwamnatin da ba ta iya nuna mana wanda zai yi wasa a filin da inda kuɗin kula da shi zai fito ba, bai kamata mu tafa mata ba ko da ginin ya kai sama.

Kada wani ya ɗauka maƙiya ƙwallo ne ke magana. Mu ma a gidan kallo muka girma, mun biya kuɗin shiga da canjin aike, mun sha faɗa a gida a kan haka. Da yawanmu mun san yadda Ƙofar Mata take cika ranar da Kano Pillars ke da wasa, yadda "Sai Masu Gida" ke tashi daga wannan ɓangare ya faɗa wancan. Muna ƙanana a 2009 lokacin da aka kawo gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, aka buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi, kuma har yau akwai masu jin ciwon ƙwallo ɗayan da Suwizalan ta ci mu a wasan ƙarshe a Abuja. Saboda muna son abin ne ya sa yake damunmu.

Mu fara da babban yaya, filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas. An gina shi a 1972, ya karɓi gasar wasannin Afirka a 1973. A nan ne a 1980 Najeriya ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema ta ɗauki kofin Afirka karo na farko, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofin da hannunsa. A nan ne kuma a shekarar 2000 Kamaru ta fitar mana da hawaye a bugun fenariti. In akwai wurin da ya cancanci a ce tarihin ƙwallon ƙasar nan yana kwance a cikinsa, to wannan ne. Amma da aka gina sabo a Abuja sai aka juya masa baya. Kujeru suka karye, ciyawa ta zama daji, farfajiya ta koma wurin shaƙatawa da shaye-shaye da kwanan waɗanda ba su da wurin kwana. A watan Afrilun 2023 iska mai ƙarfi ta kayar da ɗaya daga cikin dogayen ƙarafan da ke ɗauke da fitilunsa, aka rufe wurin. Babu yaƙin da ya ci filin nan, babu gobara, babu girgizar ƙasa. Bari kawai aka yi.

Sai ƙanensa na Abuja, wanda aka gina don gasar wasannin Afirka ta 2003, wadda aka fi sani da COJA. Yana ɗaukar mutum sama da dubu 60, kuma adadin da aka fi ambata a matsayin kuɗin gininsa shi ne kimanin dala miliyan 360. Kowa ya ɗauki kalkuleta ya juya wannan zuwa naira a canjin yau ya ga abin da zai fito. Ba filin ƙwallo kaɗai ba ne, akwai zauren wasannin cikin gida, da wurin ninƙaya, har da wani zagayayyen zaure na tseren keke. Wannan zauren na keke, abin da yawancinmu muka san shi da shi shi ne zaɓen fitar da gwani na ɗan takarar shugaban ƙasa da jam'iyyar PDP ta yi a cikinsa a watan Mayun 2022. Tseren keke kuwa, sai dai a tambayi wanda ya taɓa gani.

A 2019 aka sa wa filin sunan Moshood Abiola. Sunan ya sauya, ciyawar kuwa ta riga ta mutu. Sai da ministan wasanni na lokacin, Sunday Dare, ya fito da tsarin roƙon attajirai su ɗauki nauyin filaye, Alhaji Aliko Ɗangote ya sa kuɗinsa aka sake dasa ciyawa aka gyara allon nuna sakamako. A tsaya a nan a yi tunani. Ƙasa ta iya fitar da ɗaruruwan miliyoyin daloli ta yi gini, amma ciyawar da za a buga ƙwallo a kai, wadda ita ce dalilin ginin gaba ɗaya, sai an je ƙofar mai kuɗi. Allah ya saka wa wanda ya bayar, amma abin kunya ne ga wanda ya karɓa.

Gyaran ma bai yi tsawon rai ba. Ranar 29 ga Maris 2022 muka yi kunnen doki 1-1 da Ghana a filin, ƙwallon da suka ci a waje ta hana mu zuwa Ƙatar, 'yan kallo suka ɓalle suka shiga fili suka farfasa abin da hannunsu ya kai. Wannan laifinmu ne mu 'yan kallo, kuma babu wani uzuri da za a kawo. Sai dai shekara ɗaya bayan haka, lokacin da Gini Bisau ta zo ta ci mu ɗaya mai ban haushi a Abuja, duk wanda ya kalli wasan ya ga yadda ƙwallo ke tsalle-tsalle kamar a kan kunyar gona, kuma wannan ba 'yan kallo suka jawo ba. Tun daga nan Super Eagles ta tattara ta koma Uyo.

To me ke kawo haka? Amsar da muka saba bayarwa ita ce wai ba mu da al'adar kula da kaya. Mu ba mu yarda da wannan ba. Ɗan adaidaita yana wanke babur ɗinsa kullum da asuba. Mai injin markaɗe ya san ranar sauya mai. Mai gidan kallo a unguwa, in majigi ya lalace yau, gobe an gyara, domin in bai gyara ba yara za su koma gidan maƙwabcinsa. Mutanenmu sun san kula da abin da suke ci da shi. Matsalar tana cikin yadda aka tsara kuɗin gwamnati da kuma abin da ɗan siyasa ke samu a kowane ɓangare.

Kasafin kuɗi kashi biyu ne, akwai na manyan ayyuka, akwai na yau da kullum. Sabon gini a na farko yake. Kwangila ce guda, mai nauyi, ana biyan kafin alƙalami, ana aza harsashi da kiɗa da 'yan jarida, in an gama a manna allon marmara ɗauke da sunan wanda ya buɗe. Kula da ginin kuwa a kashi na biyu yake faɗawa, inda zai yi gogayya da albashi da man motoci da kuɗin tafiye-tafiye, kuma shi ne farkon abin da ake yankewa in kuɗi ya yi ƙaranci. Babu wanda ake yi wa waƙa don ya sayi man dizal na janareta. Babu allon marmara a jikin famfon banɗaki. Ga kuma wa'adi: gwamna shekara huɗu ko takwas gare shi, gini kuwa ana sa ran ya yi hamsin. Wanda ya gaje shi, musamman in ba jam'iyyarsu ɗaya ba, me zai sa ya zuba kuɗi a abin da sunan abokin hamayyarsa ke manne a ƙofa? Gara ya bar shi ya lalace, sannan ya ba da sabuwar kwangilar "gyara gaba ɗaya", wadda ita ma babban aiki ce, mai nata kafin alƙalamin da nata allon. Wato tsarin da kansa ya fi saka wa mai barin abu ya mutu fiye da mai raya shi. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a wani umarni na musamman kan kula da gine-ginen gwamnati. Takardar tana nan, masu zuwa filayen su ne za su faɗa mana ko ta isa can.

Mu da muka zauna a ajin difloma a kwalejin fasaha, ko ba fannin gini mutum ya karanta ba, ya ji malamai na maimaita cewa farashin gini ba ya ƙarewa a ranar da aka miƙa makulli. Sayen doki rana ɗaya ne, harawa kuwa kullum ce. Filin wasa doki ne mai ci sosai. Ciyawar gaske tana son ruwa safe da yamma, a ƙasar da rani ke ɗaukar fiye da rabin shekara, wato rijiyar burtsatse da injin da zai ja ruwan da wutar da za ta juya injin. Tana son yanka a kan kari, da taki, da maganin ƙwari, da ma'aikacin da ya san aikin ba wanda aka ɗauka don ɗan uwan wani ne ba. Ta roba ba ta shan ruwa kamar haka, amma rana tana cinye ta, bayan 'yan shekaru sai an ɗaga an sake. Manyan fitilu in an kunna su na dare ɗaya, man da janareta zai sha ba ƙarami ba ne. Ga rufi, ga magudanan ruwa, ga masu gadi, ga masu shara. Duk wannan ana biyansa ko an buga wasa ko ba a buga ba.

Kuma sau nawa ake bugawa? Gasar firimiyar Najeriya ƙungiya 20 ce, kowace tana buga wasa 19 a gida. Ko an haɗa da na kofin ƙalubale da na Afirka in an yi sa'a, da ƙyar a kai kwana talatin a shekara. Sauran kwana ɗari uku da 'yan kai filin yana zaune yana cin kuɗi. Wannan ma ga garin da ke da ƙungiya mai magoya baya ke nan. Abuja ba ta da ƙungiyar da za ta cika ko da kashi ɗaya cikin goma na kujeru dubu 60, kuma an san haka tun kafin a haƙa harsashi. Shi ya sa filayenmu suka koma wuraren gangamin siyasa da tarukan addini da rantsar da gwamnoni. Ba mu ce a hana ba, filin jama'a ne, kuma in ana karɓar kuɗin haya ana zuba shi a gyara, to madalla. Amma a kafa rumfuna da dandamali a kan ciyawa, dubban ƙafafu su tattake ta, sannan a ce ranar Lahadi a zo a buga wasa, wannan kashe filin ne da hannu. A 2020 an mayar da filin Sani Abacha cibiyar killace masu korona. Lalura ce, rai ya fi ƙwallo. Sakamakon dai shi ne Pillars ta ɗauki lokaci tana buga wasanninta na gida a Kaduna, masu gida suka zama baƙi.

Ba mu kaɗai ba ne, kuma faɗin haka ba don mu sami sanyi ba ne. Birnin Montreal na Kanada ya karɓi gasar Olamfik a 1976, bai gama biyan bashin filin ba sai 2006, shekara 30 cif, har da harajin taba aka riƙa biya. Girka ta yi tata a 2004, wurare da yawa da ta gina suka zama kufai. Brazil, ƙasar ƙwallo ke nan, ta gina fili a Manaus a tsakiyar dajin Amazon don gasar duniya ta 2014, aka buga wasa huɗu a ciki, garin kuwa ba shi da babbar ƙungiyar da za ta gaje shi. Na birnin Brasiliya har wurin ajiye motocin safa aka mayar da harabarsa. Tun 1997 wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Roger Noll da Andrew Zimbalist, suka fitar da littafi kan wannan batu, kuma abin da binciken ya nuna shi ne filin wasa ba ya haɓaka arzikin gari kamar yadda masu neman a gina shi ke alkawari. Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Dubu biyun da matashi ya kashe a ƙofar fili, da bai je ba a wurin mai shayi ko mai kati zai kashe ta. Kuɗin garin ne ya sauya aljihu, ba sabo ne ya shigo ba. Ayyukan yi da ake ta ambata kuwa, yawancinsu na lokacin gini ne, ranar da ɗan kwangila ya kwashe kayansa sun tafi tare da shi.

Yanzu mu ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, don yana da hujja. Ƙasa ba ta rayuwa da lissafin riba kaɗai. Akwai mutunci. Hukumar CAF ta tsaurara sharuɗɗanta, ƙasashe da dama sun wayi gari ba su da fili ko ɗaya da aka amince da shi. 'Yan uwanmu na Nijar sun ga Mena tana karɓar baƙi a Maroko, alhali ga filin Seyni Kountché a Yamai. A watan Yunin 2024 Jamhuriyar Benin ta ci mu 2-1 a wasan da yake na gidanta ne, amma a Abidjan aka buga shi. Babu ɗan ƙasar da zai ji daɗin wannan. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana buƙatar manyan filaye masu inganci, kuma ba daidai ba ne a ce yaron Sakkwato ko na Maiduguri ba zai taɓa ganin Super Eagles da idonsa ba sai ya yi tafiyar kwana biyu zuwa Akwa Ibom. Mun yarda da duk wannan. Amma a duba da kyau, wannan hujjar tamu take ƙarfafawa. Ba rashin gini ya kori waɗannan ƙasashe daga gidajensu ba, gine-ginen suna nan tsaye. Ciyawa ce, da fitilu, da ɗakin sauya kaya, da banɗaki, da ƙofofin shiga. Arewacin Najeriya yana da filin Ahmadu Bello a Kaduna tun shekarun 1960, da na Sani Abacha, da na Tafawa Ɓalewa a Bauchi, dukkansu FIFA ta amince da su a 1999 ta sake amincewa a 2009. Abin da ya sauka daga wannan matsayi ba sabon harsashi yake nema ba.

Filin Uyo da aka buɗe a 2014 shi ake kafa misali da shi, kuma ya cancanta. Abu biyu ya kamata a lura da su. Kujerunsa dubu 30 ne, rabin na Abuja, kuma ba a sallami kamfanin da ya gina shi a ranar buɗewa ba, an ci gaba da biyansa yana kula da wurin. Sai dai Akwa Ibom jiha ce mai karɓar kason kashi 13 na arzikin mai. Gwamnan da jiharsa ke jiran rabon wata kafin ta biya malaman firamare, in ya ce zai kwaikwayi Uyo, sai ya fara nuna mana rijiyar mansa.

Akwai wani abu a labarin COJA da ba a cika faɗa ba. Gidajen da aka gina wa 'yan wasa, wato unguwar Games Village, har yau cike take da mutane, gida a can sai mai hali. Haka unguwar Festac a Legas da aka gina don bikin 1977. An yi su lokaci ɗaya da manyan gine-ginen da suka lalace, da kuɗi ɗaya, a ƙasa ɗaya mai wannan "rashin al'adar kulawa". Bambancin kawai shi ne akwai wanda yake kwana a ciki kullum, wanda in rufi ya yi yoyo a kansa zai zuba. Abin da ake amfani da shi kullum yana samun mai kare shi. Mu ma masu harkar littafi muna da namu gyambon: hedikwatar ɗakin karatu na ƙasa a Abuja, tun 2006 aka ba da kwangilarta, ta shafe shekaru tana tsaye ba a gama ba, yayin da ƙananan ɗakunan karatu na garuruwanmu, waɗanda kuɗi kaɗan zai raya, suke fama da jemagu. Cutar ɗaya ce.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi ci mana rai. A unguwar da wasunmu suka taso akwai wani fili a bayan makarantar firamare. Ba ciyawa, ba raga, duwatsu biyu ne gola, wani lokaci takalma. Bayan la'asar yara ƙanana su fara, manya su karɓa har magariba, ranar Juma'a da yamma a yi gasar unguwa da unguwa, kofin kuwa na roba ne da aka yi karo-karo aka saya. Babu ranar da filin nan ya kwana ba a taka shi ba, sai in ruwa ya hana. Wata safiya aka ga an kafa turaku, bayan wata biyu bulo ya tashi, yau jerin shaguna ne. Wanda ya sayar da wanda ya sa hannu, har gobe ba a san su ba, kowane ofis aka je sai a tura mu na gaba. Yaran yanzu a kan kwalta suke bugawa, in mota ta taho a ɗauke ƙwallo, in ta wuce a ajiye. Wasu sun daina gaba ɗaya, kuma mun san inda suke zama da yamma da abin da suke yi a can. Mun tabbata duk wanda ke karanta wannan daga Kano ko Zariya ko Gusau ko Maraɗi yana da irin wannan labari, sunan unguwa kawai zai sauya. Filayen makarantu, filayen idi, gefen ganuwa, duk an bi su da awo.

To ina amfanin a gina wa yaro kujera dubu arba'in da zai zauna ya kalli wasu, bayan an ƙwace masa taku ɗari da zai buga da kansa? Ɗan wasa ba a babban fili ake yin sa ba, a can ake nuna shi bayan ya nuna. Kuɗin katafaren fili guda zai katange filayen unguwa masu yawa, a baje su, a sa raga da famfo da banɗaki da fitila mai aiki da hasken rana, sannan, wanda ya fi duka muhimmanci, a ba kowanne takardar mallaka da sunan al'umma ta yadda ba mai iya yanka shi. Irin wannan wurin ne ma 'yan mata za su iya samun sa'o'insu na motsa jiki a cikin katanga ba tare da an tsaya ana kallonsu ba, abin da babban fili bai taɓa ba su ba.

Ga kuma wasanninmu na gado, waɗanda ba sa jiran FIFA. A je gidan dambe a Kano ko a Dei-Dei a ga yadda mutane ke biyan kuɗi da aljihunsu kusan kowace yamma, a wurin da bai wuce katanga da benci da ƙasa ba. A Nijar gasar kokawa ta takobi tana zagaya jihohin ƙasar shekara-shekara tun shekarun 1970, ƙasa gaba ɗaya tana tsayawa cak a gaban rediyo da talabijin. Filin kokawa yashi ne da matakalan zama, ba ya neman ban ruwa, ba ya neman injiniya daga Turai. Masu kallo suna nan, 'yan wasa suna nan, kuɗin da ake buƙata kaɗan ne. Amma da yake ba ya fitowa da kyau a hoton kwamfuta, ba kasafai yake shiga jawabin kasafin kuɗi ba.

Masu son manyan gine-gine suna yawan cewa a dubi Maroko. To a duba ta duka. Kafin ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Ƙatar a 2022, ta shafe fiye da shekara goma tana renon yara a makarantar ƙwallo ta Muhammad na Shida, inda irin su En-Nesyri da Ounahi da Aguerd suka fito, tana kuma shimfiɗa ƙananan filaye a unguwanni. Daga ƙasa ta faro. Duk da haka, a ƙarshen watan Satumban 2025 matasan ƙasar sun fito kan titi suna cewa asibiti da makaranta suke so kafin filayen gasar duniya ta 2030. In ƙasar da filayenta ke aiki ta ji wannan daga bakin 'ya'yanta, ina ga mu.

Saboda haka in an sake sako mana hoton nan mai sheƙi, kafin mu raba shi ko mu zage shi, mu nemi amsar abin da hoton bai nuna ba. Wace ƙungiya ce za ta zauna a filin, kuma mutum nawa take tarawa yanzu? Nawa ne kuɗin kula da shi a shekara, a wane layi na kasafi yake, kuma wace doka ce za ta hana gwamna mai zuwa share layin? In bashi za a ci, shekara nawa za a yi ana cire shi daga kason jihar? Tsohon filin da ke garin fa, me za a yi da shi? Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Waɗannan ba tambayoyin adawa ba ne, duk ɗan kasuwar da zai gina shago da kuɗinsa sai ya yi wa kansa irinsu. Kuma muna da damar yi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan Najeriya ikon rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takardun kwangila, jihohi da yawa kuma suna sa kasafinsu a intanet, sai dai ba ma buɗewa. Mun iya rubuta shafi goma a kan wanda ya fi tsakanin Messi da Ronaldo, wasiƙa mai sakin layi biyu zuwa ma'aikatar wasanni ba za ta gagare mu ba.

Wanda yake kusa da Karkanda a Katsina, ko Pantami a Gombe, ko Giginya a Sakkwato, ko filin Damagaram, don Allah ya leƙa a cikin makon nan, a ranar da ba wasa ba taro. Ya duba ko famfon banɗaki yana kawo ruwa, ya tambayi mai gadi yaushe rabon da a kunna fitilu, ya ƙirga yaran da aka bari suka shiga. Ya rubuto mana abin da ya gani, ko da layi biyar ne.